Google Workspace a ƙaramin kamfani: abin da na gani tun da muka koma kansa

Mu bakwai ne a kamfanin namu, har da ni, aikinmu rarraba kaya ne ga masu shaguna, wato mu karɓi oda mu fitar daga sito mu kai mu bi bashi, shikenan. Na faɗi haka ne tun farko saboda kar wani mai ma'aikata ɗari biyu ya karanta ya ce ban san me nake faɗa ba, ni dai labarin ƙaramin waje zan bayar, inda mutum ɗaya shi ne oga shi ne mai gyaran firinta shi ne kuma wanda ake kira da daddare in faswod ya ɓace.

A 2024 muka koma Google Workspace, wato manhajojin ofis na Google da kamfanoni ke biya, kuma gaskiya ba don son ci gaba muka koma ba, wuya ce ta kai mu. Kafin nan akwai wata manhaja ta lissafin sito da rasit da muke amfani da ita, ba zan kama sunanta ba, mun yi kusan shekara uku tare lafiya lau, sai wata ranar Litinin muka zo da safe akantarmu ta kunna kwamfuta ta ce "Oga zo ka ga wani abu." Na zo na ga komai ya canza, sun yi afdet cikin dare ba sanarwa ba komai, maɓallin buga rasit da ke gefen dama a sama tun ranar da muka san manhajar ya yi ɓatan dabo, ashe sun cusa shi cikin wasu ɗigo uku, sai ka danna ka sake dannawa ka sauka ƙasa tukunna. Wannan ma mai sauƙi ne. Rahoton bashin kwastomomi da muke cirewa duk mako, wanda shi ne ran kasuwancinmu, sun ɗauke shi sun kai babban tsari wai sai mun ƙara kuɗi. Ga direba a waje ya kunna mota yana jira, ga kwastoma a waya yana tambayar ragowar nawa ake binsa, ga mu muna kallon allo kamar baƙi a gidanmu. Na tura musu saƙo aka ba ni amsa bayan kwana uku, amsar ma irin wadda aka riga aka rubuta aka ajiye ce, wai suna godiya da ra'ayina. A ranar na ce to an gama.

Abu na biyu kuma laifina ne ba na kowa ba. Wani yaro da ya yi mana aikin talla ya samu wani aikin ya tafi, lafiya muka rabu har da addu'a, sai bayan mako biyu muka farga jerin sunayen kwastomomi da lambobinsu duk a cikin imel ɗinsa na kansa suke, a Drive ɗinsa na kyauta ya buɗe fayil ɗin tun farko mu kuma muna shiga ta link ne kawai. Allah ya sa ɗan halak ne ya turo mana. Amma na kwana ina tunanin da a ce da faɗa muka rabu fa?

To waɗannan abubuwa biyu su ne ma'aunina, duk abin da zan faɗa a nan da su nake auna shi: wa ke da fayil, kuma wa ke da ikon cewa yau ne za a canza min abu ko ba yau ba.

Ga wanda bai sani ba, Workspace ɗin nan ba wani sabon abu ba ne, Gmail ne da Drive da Docs da Sheets da Calendar da Meet da kowa ya sani, sai dai na kamfani, ana biya duk wata a kan kowane mutum. Tun 2006 yake nan da sunan Google Apps, a 2016 ya koma G Suite, a watan Oktoban 2020 kuma suka sa masa wannan sunan na yanzu, lokacin ne ma suka canza tambarin manhajojin duk suka koma kala huɗu iri ɗaya, har yau in ina sauri sai na danna Meet ina neman Calendar. Tsarin ƙananan kamfanoni uku ne, Business Starter da Business Standard da Business Plus, kuma dukkansu iyakarsu mutum 300. Bambancin da ya fi fitowa fili wurin ajiya ne, Starter 30 GB ga kowane mutum, Standard 2 TB, Plus 5 TB, sannan ana haɗa na kowa ne wuri ɗaya a zama na kamfani gaba ɗaya. In ka tuna akawun na kyauta 15 GB ne kawai kuma Gmail da Drive da hotuna duk a ciki suke cin abinci tare, za ka gane dalilin da ya sa namu kullum yake cika. Suna ba da kwana 14 na gwaji. Mu Standard muka ɗauka.

Saitin farko shi ne wurin da mutane ke tsorata, kuma akwai ɗan dalili. Sai kana da sunan yanki naka na intanet, wato abin da ke zuwa bayan alamar @, sai ka tabbatar musu naka ne, sannan ka je wajen da ka sayi sunan ka canza wani abu da ake kira MX domin imel ya riƙa sauka a Gmail. Ni da ban karanci kwamfuta ba na yi shi a yammaci ɗaya, ina bin bayanin da suke nunawa mataki mataki ina shan ruwa ina tsaki, amma dai ya yiwu. Shawara ɗaya, kar ka yi shi ranar da ake tsakiyar aiki, ka bari sai ƙarshen mako saboda canjin yakan ɗauki sa'o'i kafin ya bi ko'ina.

Wata dabara da ta rage mana kashe kuɗi: kowane akawun za a iya maƙala masa wasu adireshin har 30 ba tare da ƙarin biya ba. Da na ɗauka sai na buɗe akawun daban na oda, daban na lissafi, daban na tambaya, ashe ba sai an yi haka ba, adireshin oda yana faɗawa akwatin mai kula da oda, na lissafi akwatin akanta. Kwastoma yana ganin kamar wani ƙaton kamfani ne mai sassa sassa, alhali mu bakwai ɗin nan ne dai a ɗaki biyu.

Yanzu ga abin da ya sa na ce kuɗina bai tafi a banza ba. Akwai abin da suke kira shared drive, ma'ajiyar haɗaka ce wadda duk fayil ɗin da aka saka a ciki na kamfani ne ba na wanda ya ƙirƙire shi ba. Mutum ya tafi, fayil na nan daram. Kuma ko wanda ke cikin Drive ɗinsa na aiki, in za ka goge akawun ɗinsa tsarin zai tambaye ka wa za a miƙa wa kayansa. Mun riga mun gwada wannan da gaske, wani ya bar aiki, cikin minti goma na dakatar da akawun ɗinsa na juye fayilolinsa zuwa na wanda ya gaje shi, ban roƙi kowa ba ban kira kowa ina "don Allah ɗan'uwa ka taimaka" ba. Wallahi wannan kaɗai ya ishe ni dalili. In ma ka goge akawun bisa kuskure kana da kwana 20 ka dawo da shi.

Sheets kuwa, wato manhajar jadawalin lissafi ta Google mai kama da Excel, nan muka tare. Littafin sito, jerin bashi, oda ta yau, duk a can. Mutum uku na iya zama cikin fayil ɗaya lokaci ɗaya kana ganin ɗan akwatin kowa da kalarsa yana yawo, an huta da zamanin "sito na ƙarshe", "sito na ƙarshe 2", "sito na ƙarshe na gaskiya" da muke tura wa juna a WhatsApp babu wanda ya san wanne ne sabo. Bari in ba ku misali ɗaya da na gani da idona. Wata Alhamis akanta ta ce lissafin wani kaya bai daidaita ba, littafi ya ce saura katon 40, yaron sito ya rantse ya ƙirga 400 ne ko kusa da haka, muryoyi sun fara tashi, ita tana cewa "kai dai ka sake ƙirgawa", shi yana cewa "Hajiya wallahi sau biyu na ƙirga." Na zo na danna gidan lambar da ɓangaren dama na linzami na zaɓi tarihin gyara, nan take ya nuna wanda ya taɓa gidan da ranar da lokacin da kuma abin da ke ciki kafin nan. 400 ne, sifili ɗaya aka goge. Wa ya goge? Ni ne, daga wayata, ranar Talata da dare, da alama babban yatsana ne ya taɓa ina gungurawa. Ɗakin ya yi tsit, sai yaron ya ce "Oga ba komai ai kowa na kuskure" yana danne dariya. Daga ranar na kulle ginshiƙan lissafi, akwai wurin da za ka ce wannan yankin wane da wane kaɗai ke iya gyarawa, kuma na cire sunana daga ciki da hannuna.

Haka shara ma, abin da aka goge yana zama kwana 30 a kwandon shara, bayan ya fita daga nan ma mai kula da tsarin yana da ƙarin kwana 25 ya iya janyo shi. A Gmail kuma ka je saiti ka mayar da lokacin janye saƙo zuwa sakan 30, ba zan faɗi sau nawa wannan ya rufa min asiri ba lokacin da na tura farashin wani ga wani.

Sai maganar afdet, wadda ita ce ciwon da ya kore ni daga wancan wurin. A nan ma suna afdet, sosai ma, kusan kullum akwai wani ɗan abu sabo, kar wani ya ce maka ba sa canza abu. Bambancin shi ne a shafin mai kula da tsari akwai zaɓi biyu, Rapid release da Scheduled release. Na farkon yana kawo maka sabon abu da zarar an sake shi, na biyun yana jinkirta shi aƙalla mako ɗaya, kuma suna da shafin da suke sanar da abin da ke tafe. Ni na biyun na zaɓa ban ko yi shawara da kowa ba. Mako ɗaya ba wani dogon lokaci ba ne, na sani, kuma ba wai za ka iya cewa ba ka so gaba ɗaya ba, zai zo dai ko ka so ko ka ƙi, amma ko ba komai ina samun damar in ce wa mutanena "ku sani fa mako mai zuwa wurin kaza zai canza kama." Mutumin da aka gaya wa da wanda aka yi wa ba-zata ba ɗaya suke ba, musamman akantarmu wadda in aka matsar mata da maɓalli ɗaya ranar gaba ɗaya ta lalace.

Amma fa a san da wa ake zama. Google kamfani ne da ya yi suna wajen rufe kayansa in ya ga dama, Hangouts na hira ya tafi a 2022 Chat ya maye gurbinsa, Jamboard na allon rubutu an rufe shi ƙarshen 2024. Ba su kaɗai ba ne, Microsoft ma ta rufe Skype a watan Mayun 2025 ta ce a koma Teams, kuma ranar 14 ga Oktoban 2025 ta daina tallafa wa Windows 10 tare da Office 2016 da 2019. Abin da na ɗauka daga nan shi ne in gina aikinmu a kan manyan ginshiƙai, Gmail da Drive da Sheets da Docs, ƙananan kayan gefe kuma in taɓa su da ɗan yatsa kawai. Sannan duk ƙarshen wata ina sauke muhimman fayiloli a matsayin Excel in ajiye a wata ma'ajiya ta daban, mutum bai san gobe ba.

Babban afdet ɗin da aka fi surutu a kai shi ne Gemini, wato mataimakin AI na Google da kake yi wa magana ya rubuta maka ko ya amsa. A watan Janairun 2025 suka shigar da shi cikin tsarin Business kai tsaye, da a baya sai ka saya daban, suka kuma ɗaga kuɗin tsarin. To a nan ra'ayina ya rabu biyu. Yana da amfani in za ka rubuta wasiƙar Turanci ga wani kamfani kana son ta fito a gyare, ko doguwar muhawarar imel ta taru kana son a taƙaita maka, ko ka manta yadda ake haɗa wata fomula a Sheets sai ka faɗa masa abin da kake so da baki ya haɗa maka. Amma a cikin mu bakwai mu biyu ne ke taɓa shi, sauran biyar ko kallon alamarsa ta tauraro ba sa yi, kuma duk mai akawun ana biya masa daidai. Da an tambaye ni da na ce a bar shi zaɓi. Sannan dokata a ofis ita ce duk lambar da ta fito daga bakinsa sai mutum ya sake lissafawa da kansa kafin ta je wa kwastoma, su kansu sun rubuta a ƙasa cewa yana iya kuskure, to me zai sa in fi su yarda da shi.

Meet ba ni da dogon zance a kai, yana aiki. Na kyauta yana yanke taron mutum uku zuwa sama bayan minti 60, na biya ba ya yi maka haka, Standard yana ɗaukar mutum 150 kuma ana iya naɗar taron ya sauka a Drive. Mu dai ba mu taɓa wuce mutum shida ba. Forms kuma mun yi fom ɗin oda da shi, kwastoma ya cike amsar ta faɗa Sheets da kanta, kaɗan ne ke amfani da shi, yawancinsu sun fi son su kira waya su yi gaisuwa tukunna, ni ma ban ga laifinsu ba.

Inda bai dace da kowa ba, gaskiya sai an faɗa. An gina shi ne a kan intanet. Akwai yanayin aiki ba netwok, amma sai ka kunna shi tun kana da netwok ɗin, a Chrome, a waya kuma sai ka zaɓi fayil ɗin da kake so ya zauna a kanta tun da wuri, wanda bai yi haka ba ranar da sabis ya ɗauke sai dai ya zauna ya yi tagumi. In aikinku a wurin da netwok ke zuwa yana tafiya ne, ku yi tunani sau biyu. Na biyu, Sheets ba Excel ba ne. Yana buɗe fayil ɗin Excel har ka gyara shi a yadda yake, yana ɗaukar gida har miliyan 10, fomular nemo bayani ta XLOOKUP ma ta shigo tun 2022, amma macro, wato umarnin da ke yin aiki da kansa, da aka rubuta da VBA, yaren Excel, ba ya gudu a ciki, nasu yaren daban ne, Apps Script. Duk wanda ke da tsohon fayil mai cike da irin wannan sihiri da wani ya haɗa masa shekaru da suka wuce, to ya tsaya inda yake ko ya dubi Microsoft 365, wanda tsarinsa na Business Standard ke ba da Word da Excel na sakawa a kwamfuta da 1 TB na OneDrive, wato wurin ajiyarsu, ga kowane mutum. Ban yi amfani da tsarin nasu na kamfanoni ba balle in yanke hukunci, amma ga mai lissafi mai nauyi can ya fi kama da gida. Na uku, kuma wannan mutane na yawan ruɗewa a kai, Workspace ba manhajar akanta ba ce. Ba zai cire maka rasit mai lamba a jere da kansa ba, ba zai yi maka lissafin riba da asara ba sai abin da ka gina da hannunka. Mu namu mai sauƙi ne shi ya sa Sheets ya ɗauke mu, in kamfani ya girma dole a nemi ta lissafi daban.

A kula da wurin biya ma. Akwai na wata wata wanda za ka ƙara mutum ko ka rage duk lokacin da ka so, akwai na shekara wanda ya fi sauƙi amma in ka ce mutum bakwai to bakwai ɗin za ka biya har shekara ta zagayo ko da biyu sun tafi, ƙari ana yi ragi ne ba a yi. In ma'aikatanka masu shiga da fita ne ka fara da na wata. Kuma ba kowa ke buƙatar akawun ba, direbanmu ba shi da shi, ba abin da zai yi da imel.

Wani abu da ba manhaja ce ta gyara ba mu muka gyara kanmu, sunayen fayil. Wani ya rubuta "ƙididdiga" da ƙ mai lanƙwasa, wani ya rubuta da k, wani ya sa da Turanci, in ka zo nema sai ka yi ta lalube. Muka zauna muka yanke cewa kowane fayil zai fara da shekara da wata sannan sunan kwastoma, shikenan rigima ta mutu. Haka na tilasta wa kowa tabbatarwa mai mataki biyu, wato bayan faswod sai ka ƙara tabbatarwa ta wayarka, mako ɗaya ana min ƙorafi wai wahala ce, na toshe kunnena, yanzu babu mai ko tunawa.

In maki ake so zan ba shi huɗu cikin biyar, ɗayan na riƙe ne saboda Gemini da aka haɗa mana a kuɗi ba mu nema ba da kuma dogaro da netwok. Da lokacin sabuntawa ya yi mun sabunta, ban ko tsaya neman wani ba. Akanta dai har yau tana da wani fayil ɗin Excel nata na sirri a kwamfutarta da take cewa "na ko-ta-kwana ne Oga", na daina yi mata magana a kai. Yaron sito kuma ya iya Sheets sarai yanzu, har shi ke koya wa sabon da muka ɗauka, amma duk yamma sai ya rubuta ƙirgarsa a takarda tukunna ya ɗauki hotonta ya turo min a WhatsApp, na tambaye shi dalili ya ce ai takarda ba wanda zai goge mata sifili da yatsa.